Dutsen Taimamar Baba

Ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Tamaske ta nufi Keita ya san abin da nake nufi: dutse a gona, dutse a bakin rijiya, dutse a ƙarƙashin tabarmar da za ka kwanta a kai. Idan baƙo ya yi tuntuɓe yana tsaki, mukan ba shi haƙuri mu ce duk duwatsun da mutanen ƙasarsu suka tsince daga gonakinsu nan aka kawo mana ajiya. To, a cikin wannan tarin duwatsu akwai guda ɗaya da ya hana ni sakat wata uku cur ina yarinya, kuma har yau da furfura ta rufe mini kai ban rabu da shi ba. Baƙi ne, mai santsi, girmansa bai wuce curin fura biyu ba in an haɗa su.

Ni ce 'yar fari a wurin Baba, don haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, kamar yadda aka saba. A can na tashi, a can nake ci, a can nake kwana. Baba yana jin kunyata irin wadda ake ji wa ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa tsayawa ya dube ni ido da ido ba. In yana son a miƙo masa buta sai ya dubi katanga ya ce, "Ɗiyat tsohuwa tana kusa?" Ni kuwa ga ni tsaye a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa kaina.

Kaka ba ta salla. Gidanmu asalinsa gidan azna ne, masu bin addinin kakanni tun kafin masallaci ya zo garin, kuma ita ce ta ƙarshe da ta riƙe abin da gaske. A bayan ɗakinta, gindin rumbu, akwai wani tsohon kasko a kife, ƙarƙashinsa kuma dutsen gida yake zaune. Kaka ta ce Doguwar gidanmu, iskar da ke tsaron zuriyarmu, a kansa take sauka in ta zo. Duk ranar Alhamis sai ta ɗaga kaskon ta zuba wa dutsen ruwan gumba, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Kafin shuka kuma akan yanka jan zakara a kansa. Wuƙar yankan nan gado ce daga uba zuwa ɗa, kuma Baba ne ya kamata ya karɓe ta. Sai dai tun yana saurayi ya tafi cirani Sakkwato, ya dawo da buta da carbi da ɗan guntun gemu, ya ce shi ya yi sallama da wuƙa. Wani ƙanen kakana ne ya ci gaba da yankan.

Ba su yi faɗa ba, ko kuma sun gama faɗansu kafin a haife ni. Abin da na tarar shi ne tsokana. In Baba ya idar da salla Kaka takan ɗaga murya daga gindin turmi ta ce, "To, ka gama gaida ƙasa da goshi? Mi tac ce?" Shi kuma ya ce, "Ta ce in gaishe ki, Inna, tana jiranmu duka." Sai ta jefe shi da ɓawon gujiya, ya kauce yana dariya.

Tarin ya fara ne bayan girbi, shekara huɗu ko biyar da samun mulkin kai, lokacin da 'yan lakwal ɗin garinmu, wato 'yan makarantar boko, ke rera waƙar tuta da Faransanci ba su san abin da suke faɗi ba. Da fari tari ne irin na kowa. Aka sha sassaƙe, aka sha rubutu, aka yi turare. Kafin bazara ta kama Baba ya zama ƙashi da fata. Mutumin da ke aza damin hatsi biyu ya hau tudu da su, ya koma sai ya huta sau biyu tsakanin ɗaki da zaure. Ranar da aka ga jini a kaskon tofinsa, Kaka ta zauna a ƙofar ɗakinsa ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta ce Doguwa ce ke neman wuƙarta. Baƙar akuya ɗaya, ya riƙe wuƙar da hannunsa sau ɗaya tak, shi ke nan.

"Inna," in ji Baba, "wanda yab ba ni numhwashi shi ka amsar abinai. In ya bari, na gode. In ya amsa, nashi na."

Kaka ta tashi ta shige ɗakinta. Ranar tuwonta ni na cinye shi, don ko kallonsa ba ta yi ba.

Salla kuwa Baba bai bar ko ɗaya ba. Sai dai ruwa ya zama abokin gabarsa: da ya taɓa shi sai jiki ya ɗauki ɓari, tari ya turnuƙe shi har idanunsa su yi ja. Limamin garin ya ce ya koma taimama, ya bugi ƙasa mai tsarki ko dutse da tafin hannu, ya shafi fuska da hannuwa, ya wadatar. Aka ɗauko masa dutse daga ƙoramar bayan gari, baƙi mai santsi, ya ajiye shi a gefen buzunsa. Duwatsun ƙoramar nan kamar uwa ɗaya ta haife su. Dutsen Kaka ma, in ji tsofaffi, daga can aka ɗauko shi tun zamanin da ba wanda ya tuna.

Wani ɗan'uwanmu da ya dawo daga kudu ne ya kawo labarin likitar mishan, wato asibitin Kiristoci, da ke bakin babbar hanya, gaba da Madawa. Ya ce suna da allurar irin wannan tari, amma sai an zauna watanni, kuma kowane majinyaci da mai dafa masa. Mahaifiyata a lokacin tana wankan jego, jaririnta ko arba'in bai yi ba. Kaka ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan masu kirari da ƙararrawa ba. Sai ido ya faɗo kaina. Shekarata goma sha biyu, na iya daka, na iya dama fura, kuma ba na tsoron mutane, abin da Kaka ke kira rashin kunya in ta ga dama.

Da safen da za mu tashi, ana ɗaura wa raƙumi kaya a ƙofar gida, Kaka ta yafuto ni zuwa gindin rumbu. Kaskon a ɗage yake. Dutsen yana hannunta, ta naɗe shi da bakin zanenta.

"Kina son ubanki shi tashi?"

Na ce ina so.

"To, ki sa wanga cikin jikkatai, ki kawo min wancan nashi. Sau biyat shika taɓa shi kullum, shi shahi huska. Ko bai kira Doguwa ba, ita ta san hannun ɗanta. Ran Alhamis ki ba shi ruwan gumba, kadda kowa shi gani."

Tunda na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin dutsen nan ya bar gindin rumbu ba. Na ce, "Gida hwa, Kaka? Wa ka tsaro nai?"

"Wane gida?" in ji ta. "Gidan ai ga shi can za a aza bisa raƙumi."

Na yi abin da ta ce. Ba zan ce tilasta ni ta yi ba. Ina son Baba ya tashi, ina son Kaka ta ci tuwo, kuma a lokacin ban ga abin da dutse ɗaya ya fi wani ba. Na zura hannu cikin jakar fatarsa, tsakanin carbi da ƙullin daddawa, na musanya su.

Tafiyar nan a yau kamar mafarki nake tuna ta. Raƙumi yana lilo da Baba, ni ina bayan jakin ɗan'uwanmu, tuddai jajaye suna tasowa suna nutsewa. Da rana ta take sai ruwa ya bayyana can gaba yana ƙyalli, mu bi shi mu bi shi, ya ja da baya. Na tuna wata mata a Buza da ta ba mu nono ba ta tambaye mu ko su wane ne mu ba. Na tuna babbar motar da muka hau daga can, karo na farko a rayuwata, itatuwa suna gudu baya ni ina riƙe da ƙafar Baba don kada a tafi da shi a bar ni. Sannan warin albasa, tun kafin mu ga lambunan. Har yau in na yanka albasa sai in ji ƙarar motar nan a cikin ƙasusuwana.

Likitar dogayen ɗakuna ce masu rufin kwano da daɓen siminti. A bayansu rumfuna, inda masu jinya ke kafa murhu: Fulani, Buzaye, mutanen gabas, mutanen ƙetaren iyaka, kowa da tukunyarsa da damuwarsa. Babban lokotoron, wato shugaban masu magani, Bature ne dogo, Hausarsa ta sa mu dariya sati guda kafin mu saba. Amma wanda ya fi shiga harkarmu shi ne mai allura, baƙin mutum ɗan wajen Karofane, Kirista, da tsagar fuska irin ta mutanenmu. Shi ne ya ja gadon Baba ya juya shi gabas tun ranar farko, ba wanda ya roƙe shi.

Da la'asar ta yi Baba ya zura hannu cikin jaka ya fito da dutsen. Ya daɗe yana riƙe da shi, babban yatsansa yana yawo a kai. Ni ina bakin ƙofa, idona na kan hannunsa. Can ya dubi bango ya ce, "Ɗiyat tsohuwa ta wanke min dutsin ga. Da toka da rairai, hat sau bakwai, ta shanya shi ga rana." Na ce a raina warin daddawa ne ya dame shi. Na kai dutsen bakin rijiya na dirje shi, ruwan farko ya fita baƙi, na biyu ja-ja, har ya koma fita garau. Sallar wannan la'asar da ƙasar gindin bango ya yi taimamarta. Daga magariba ya koma kan dutsen, bai sake cewa komai ba.

Kwanaki suka shiga bin juna har na daina sanin sunayensu, ban da Alhamis da Lahadi. Da hantsi allura. Da rana ta yi tsaka sai komai ya yi tsit, kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai saboda zafi, kurciyoyi suna kuka a kan dogon yaro, majinyata suna kwance baki buɗe. Ina yi wa Baba fifita har barci ya sace ni a zaune, in farka ban san ko a gida nake ba. Ran Lahadi waƙar masu coci takan taso daga can gefen tudu, da Hausa, a hankali, ta shigo ta tagogi ta gauraya da ƙarar carbin Baba. Mai allura yakan tambaye shi, "Malam, in roƙa maka Allah?" Baba ya ce, "Roƙa, ɗan'uwa, ba a ƙin addu'a." Sai ɗaya ya rufe ido, ɗaya ya buɗe tafin hannu.

Sallar Baba a lokacin aiki ce babba. Sai na tallafe shi ya zauna, ya jira numfashi ya dawo, ya buga tafukansa a kan dutsen, ya shafi fuska a hankali kamar mai wanke ta da ruwan sanyi, ya shafi hannuwa. Raka'a huɗu takan ci masa lokacin da mace za ta tafi rijiya ta dawo. In ya sallame rigarsa sharkaf da gumi, amma fuskarsa sai ta saki, ta yi wani haske da ba na gani a sauran lokaci. Ran Alhamis kuwa, da ya yi barcin rana, sai in ɗauke dutsen a ɓoye in kai bayan rumfa, in zuba masa ruwan gumba, in goge da zanena, in mayar.

A wata na farko tarin ya lafa. Baba ya fara shan fura ludayi goma, har ya taka zuwa bakin lambu ya tsaya yana yi wa masu ban ruwa gyaran aiki. Na rasa wanda zan gode wa. In na ga mai allura in gaishe shi har ƙasa, in na ɗauki dutsen in shafa shi, in na ji kiran salla daga ƙauyen gefe in ce amin. Na raba godiyata uku don kada kowa ya yi fushi.

Sai aka kawo wani tsohon malami daga Buza aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da na Baba. Ciwon ƙafa ke damunsa, bakinsa kuwa lafiya lau. Kullum da yamma sai ya tara masu iya zama yana yi musu karatu. Wata rana ina fifita na ji ya ce salla in babu tsarki wahala ce kawai, mai yin ta ya sha dungure a banza. Ya ƙara da cewa wanda ya haɗa Allah da wani abu, dutse ne ko itace, duk aikinsa ya rushe, ya je lahira hannu wofi. Mafici ya faɗi daga hannuna. Baba ya ce, "Barci take ji," aka yi dariya.

Daga ranar ban ƙara samun kwanciyar rai ba. Duk sanda na tallafe shi ya zauna, na ga yana haki yana neman numfashin da zai yi kabbara da shi, sai maganar malamin ta dawo mini. Mutumin nan ya ƙi akuya, ya ƙi wuƙa, ya zaɓi mutuwa a kan ya taɓa dutsen gida, ga shi yana shafa shi a fuskarsa sau biyar a rana, kuma ni na sa masa a hannu. Na ɗauka duk sallolin da ya sha wahala a kansu tun zuwanmu an watsar da su, ko ɗaya ba a rubuta ba. In na faɗa masa, zai yar da dutsen, Doguwa ta yi fushi, ya mutu. In na yi shiru, zai mutu ba salla. Na rame har matan rumfa suka fara cewa a duba yarinyar nan ko ta kamu. Duk da haka Alhamis na zuwa sai in dama gumba, don tsoro ya fi ƙarfina ta kowane gefe.

A irin wannan Alhamis ɗin ne mai allura ya kama ni. Ina tsugune a bayan rumfa, ruwan gumba na gangarowa daga kan dutsen, bakina na motsi yadda na ga Kaka na yi, sai na ga inuwa a kaina. Bai yi tsawa ba. Ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon dutsen.

"Namu dutsin gida hwari na," in ji shi. "Ƙarƙashin tsamiya shike. Ni ka riƙe ma ubana ƙwarya." Ya juyo ya dube ni. "Ubanki ya sani?"

Na girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ni ba ni hwaɗa mai, ba maganata ba ta. Hanyatai daban, tawa daban. Amma mutumin da ka tsayawa gaban Ubangijinai, ya kamata shi san abin da ag ga hannunai." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya koma ɗakin allura.

Na so in faɗa. Sau nawa na buɗe baki! Amma ta yaya yarinya za ta fara magana da uban da bai taɓa dubanta ba? Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ta bango take bi. Ina cikin wannan jinkiri ciwon ya dawo da ƙarfinsa, jinin ya fi na da. A ƙarshen wata na uku lokotoro ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannun Baba, ya ce da Hausarsa mai karkata sun yi iyakar abin da suka iya, gara ya koma cikin iyalinsa kafin ruwa ya yanke hanya. Baba ya yi masa godiya kamar wanda aka yi wa albishir. Mai allura ya raka mu har bakin hanya, ya ɗora shi a mota da hannunsa, ya dube ni sau ɗaya, ya juya.

A Madawa muka sauka muna jiran motar Buza. Ba ranar kasuwa ba ce, tasha shiru, awaki suna kwance a ƙarƙashin wata motar da ta mutu. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cik, hasken ya koma rawaya har fuskokin mutane suka zama kamar ba na duniya ba. Na shimfiɗa wa Baba buzu a gindin wani gawo. Ya dubi inuwa, ya dubi kututturen itacen, ya ce, "Ɗiyat tsohuwa ta miƙo dutsi, la'asar ta yi."

Na fito da shi daga jaka, na ƙanƙame shi a ƙirjina, na ƙi miƙawa. Sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, da kuka da majina, ba kai ba gindi: gindin rumbu, musanya, gumba, Alhamis, abin da malamin Buza ya ce. Na ce na ɓata masa salla ta wata uku, na ce ya yi mini duk abin da zai yi, amma ya rama su kafin lokaci ya ƙure.

Na ji wata ƙara na ɗauka tari ne. Dariya ce. Ta koma tari daga baya, mai tsanani, sai da na dafa bayansa. Da ya lafa ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora yatsana a wani ɗan gurbi da ke gefen dutsen.

"Kin ji wurin ga? Ni niɓ ɓalgace shi. Ban kai shekarunki ba, nis sace shi in hwasa ƙwallon aduwa. Kakanki ya ba ni kashin da hal yau in hadari ya taso bayana shina tunawa. Tun da nis sa hannu cikin jikka nis san shi."

Na sake shafa gurbin da yatsana. Da ƙyar na ce, "To, don mi ba ka yar ba?"

"Tsohuwa ta bar gidanta ba tsaro sabili da ni. Abin da tah hi so duniya shi tab ba ni. In yar mata?" Ya numfasa. "Jinin yanka na ƙazanta, kuma kin wanke shi da hannunki. Abin da yar rage dutsi na, Allah yay yi shi, kamar kowane dutsi na Adar. Ban roƙe shi komi ba. Hannu nika bugawa in wuce wurin Mai shi."

"Gumba hwa?"

"Hatsi ba ƙazanta ba na. Kin dai ƙosad da kiyashin mishan. Kowace Alhamis ina salla ina ƙamshin hura." Ya yi murmushi, sannan murmushin ya gushe. "Amma daga yau ki bari, ba a zuba ma dutsi komi. Na so in hana ki tun can, kunyakki ta ɗaure min baki. Ban san kina ɗauke da wanga kaya ke ɗai ba. Wannan laihina na, ba naki ba." Ya ɗago ya dube ni, ido da ido. Ashe idanunsa irin nawa ne. "Miƙo, ɗiyata, lokaci shina wucewa."

Na miƙa masa. Ya buga tafukansa, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa, ya yi kabbara. Ina zaune a bayansa ina jin wani sauƙi yana sauka a jikina. Yana cikin raka'a ta uku ɗigon farko ya faɗo a kan dutsen. Bai yi sauri ba, ya gama sallarsa yadda ya saba.

Ya yi kwana arba'in da wani abu a gida. Ya ga hatsi ya kai gwiwa daga ƙofar ɗakinsa, ya ɗauki jaririn nan a cinya. Dutsen yana gefen buzunsa a fili, inda kowa zai gani. Kaka takan shigo da kunu ta dube shi, ta dubi ɗanta, shi ma ya dube ta, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Sau ɗaya kawai, ya idar da azahar da ƙyar, na ji ta ce a hankali, "Mi tac ce yau?" Ya ce, "Ta ce na kusa, Inna." Ba ta jefe shi da komai ba. Ya rasu wata safiyar Talata, bayan ya yi sallar asuba a kwance, hannunsa na kan dutsen.

Na zaci bayan an share makoki Kaka za ta mayar da shi ƙarƙashin kasko. Ba ta mayar ba. Alhamis ta zo ta wuce ba ta dama gumba ba. Dutsen ya zauna a ƙofar ɗakinta, cikin rana, inda ta ajiye shi tun ranar jana'iza. Wata la'asar, mata sun tafi rijiya, gidan ba kowa sai ni da ita, ta kira ni ta nuna shi da haɓa.

"Ƙaƙa shika yi?"

Na durƙusa na nuna mata: a buga tafi haka, a shafi fuska daga goshi zuwa haɓa, a sake bugawa, a shafi hannuwa. Ta matso da gwiwa. Ta ɗora tafukanta a kan dutsen, ta daɗe ba ta ɗaga ba, sannan ta kai su fuskarta ta rufe ta ruf. Ba zan ƙara wa labari gishiri in ce ta tashi ta yi salla ba. Ba ta yi ba, a ranar dai. Ta zauna haka har inuwar rumbu ta iso ƙafafunta, kafaɗunta suna motsi.

Da ta sauke hannuwan ta ce, "Da sauran ɗumin hannunai."

Na san rana ce ta gasa dutsen tun hantsi. Na sa tafina a kai ni ma, na ce mata, "I, Kaka, da saura."